Abin Da Ke Magana a Gaban Mota: Daga Rediyon Kaduna Zuwa Wayar Direban Haɗejiya

A gaban kusan kowace motar haya da ke lodi a tashar Haɗejiya akwai wani rami mai faɗin milimita 180 da tsayin milimita 50, a wasu motocin kuma tsayin ya ninka. Jamusawa ne suka fara tsayar da wannan awo, aka mayar da shi na duniya a 1984, domin rediyon kowane kamfani ya iya shiga motar kowane kamfani. Ba su san da Haɗejiya ba lokacin da suke awon, amma da wuya a sami waɗanda suka ci moriyarsa kamar direbobin wannan yanki. Motar da ke isowa nan ta riga ta yi shekara 15 ko 20 a duniya. Injinta da giyarta sai dai a yi ta lallaɓawa, amma abin da ke cikin ramin nan a yini guda ake zare shi a sa wani. Shi ya sa ake ganin Golf ɗin da aka ƙera tun wayar salula ba ta shigo Nijeriya ba tana amsa kira ta sifikarta, direba bai ko taɓa aljihunsa ba. Na'urori iri-iri sun zauna a wannan rami cikin shekara 50, wasu sun daɗe, wasu ko ɗumi ba su yi ba. Idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a ga cewa wadda ta daɗe ita ce wadda ta ci gaba da aiki bayan mota ta bar gari, ko da wata ta fi ta sabunta da tsabtar sauti. Da wannan ma'auni ya kamata a auna manyan allunan da ake saka wa motoci yanzu, masu haɗuwa da wayar hannu ba tare da igiya ba.

Sai an dubi ƙasar sannan a gane dalili. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 bai ratsa ta birnin Haɗejiya ba; ta Malam Madori ya bi, ya wuce Birniwa. Tun daga nan babban garin masarautar ya zama garin mota, domin ko gyaɗar da za a kai jirgi sai an ɗauke ta zuwa tasha. Gabas da kudu kuwa fadama ce, inda kogin da ya samo asali daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa yake bazuwa a ƙasar Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri kafin ya gangara Yobe. Dam ɗin Tiga na 1974 da na Calawa na 1992 sun sauya yadda ruwan ke zuwa, kuma hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya cika fadamar da injinan ban ruwa. Noman rani ya ƙaru, kaya suka ƙaru: shinkafa, alkama, tattasai, kankana, riɗi, busasshen kifi. Dukkansu sai mota ta shiga lungu ta ɗauko su, wasu ta kai Kano mai nisan kusan kilomita 200, wasu ta kai har Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Direban da ke wannan aiki yana yin mafi yawan sa'o'insa nesa da gari, da dare, a kan hanya mai ƙura da rami. Abin da ke masa magana a gaban mota shi ne ke hana shi barci.

Rediyon farko da Hausawa suka sani ma da igiya ya zo. A 1944 aka kafa wa Kano tsarin nan da ake jan waya daga ofis zuwa wani akwati a gida ko a dandali, akwatin da ba shi da zaɓin tasha, sai dai a ƙara murya ko a rage. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979. Ƙaramar rediyo mai batir ta mayar da Bahaushe ɗaya daga cikin manyan masu sauraren gajeren zango a duniya. To amma a nan ne mota ta gaza. Yawancin rediyon mota ba a ƙera su da gajeren zango ba, matsakaicin zango da FM kawai suke kamawa, kuma FM ɗin ba ta da amfani a yankin da babu tashar da ke watsawa a kanta. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 ta zama motar hanya, abin da direba zai iya kamawa a cikinta bai wuce Kaduna da Kano ba, su ma sun fi fita da dare, da rana sai ƙugi da tsaki. Rediyo ya ba direba labarai da tafsirin azumi, amma lokaci na gidan rediyo ne, zaɓi ma nasa ne.

Kaset ne ya karya wannan dogaro, kuma a ganina babu wata na'ura da ta kai shi tasiri a motocinmu har yau. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970 da 1980, lokacin kuɗin man fetur. Ba ya neman tasha, ba ya neman eriya. Zafi yana sa shi ja da murya, rediyo yakan cinye zarensa, amma duk yaron mota ya san yadda ake zaro zaren a hankali, a naɗe shi da biro, a liƙe inda ya tsinke. Abu ne da ke lalacewa kaɗan-kaɗan, kuma mai shi ke gyara abinsa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafa da rarrabawa. Masanin nan Brian Larkin ya bayyana yadda harkar take a littafinsa na 2008 a kan Kano, inda ya nuna cewa hanyoyin da 'yan kasuwa suka shimfiɗa don kwafar finafinan Indiya su ne daga baya suka ɗauki finafinan Hausa. Ta waɗannan hanyoyi waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Barmani Coge suka isa tashoshin mota, tare da karatun Alƙur'ani, da waƙen yabon Manzo, da wa'azin malaman ɗariƙa da na Izala bayan kafuwarta a 1978. Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota waƙa sukutum, kuma ba abin mamaki ba ne, domin mutanen mota na cikin manyan masu sayen kaset. Wani abu da ba a cika lura da shi ba shi ne ikon da kaset ya ba direba. Mutum 9 ko 18 suna zaune a bayansa na tsawon awa 3, kuma shi kaɗai ke yanke abin da za su ji. Malamai da mawaƙa da yawa sun yi suna a ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba saboda wani direba ya so muryarsu.

Sana'ar masu haɗa rediyon mota ta kafu sosai ne bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa, aka koma 'yan kwatano. Motar da aka ƙera don Jamus ko Amurka tana zuwa da rediyon da aka saita wa waɗancan ƙasashe. Na Turai sau da yawa a kulle yake zuwa, domin da zarar an cire batir sai ya nemi lambar sirrin da aka bari a hannun mai motar na farko. Na Amurka kuwa matsalarsa ta lissafi ce: a can tashoshin matsakaicin zango suna tazarar 10 ne tsakaninsu, a nan 9, don haka rediyon zai tsaya a 590 ko 600, ya tsallake 594 inda Kaduna take. Mai wayarin da ke gefen tasha bai buƙaci sanin dalilin ba. Ya dai san wannan rediyo ba ya yi, sai a cire a sa Pioneer ko Kenwood ko Sony, sabo ko na hannu. Haka al'adar ta zauna cewa rediyon da mota ta zo da shi ba lallai ne shi za ta tsufa da shi ba. Dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo ta kawo zamanin FM, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991 ta samu nata tashoshi, Haɗejiya ma ta samu. Sai dai FM gajeren numfashi gare ta. Tashar da direba ya kama a Gezawa takan fara shaƙewa tun bai yi nisa ba, kuma mai zuwa kudu zai ratsa jihohin da ba a magana da harshensa. Saboda haka FM ta zauna tare da kaset, ba ta kore shi ba.

Faifan CD shi ne shaida mafi ƙarfi a wannan magana, domin a takarda ya fi kaset ta kowace fuska: sautinsa ya fi tsabta, ba ya buƙatar juyawa, ana tsallakawa zuwa waƙar da ake so. A gidaje ya karɓu, finafinan Hausa sun koma kansa. A mota kuwa ƙurar hunturu tana rufe idon na'urar, kowane rami yana sa waƙa tsalle, faifan da aka bari a rana ya lanƙwashe, wanda ya karce kuma ba shi da magani. A motocin hayarmu bai taɓa samun zaman da kaset ya yi ba, har abin da zai gaje su duka biyu ya iso.

Abin ya iso ne ta aljihu. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agustan 2001, kuma cikin 'yan shekaru wayoyin Nokia da na Sin masu ɗaukar memori suka bazu har ƙauye. Sai ga sabuwar sana'a: matashi da kwamfuta a rumfar caji, yana tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fim a memori ko filas a kan kuɗi kaɗan, ga kuma Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson ya fara aiki a kansa a 1994, yana kwashe abu daga waya zuwa waya kyauta. Nisan aikinsa bai wuce kamar mita 10 ba, amma ba ya neman sabis, ba ya cin kati. Ƙarfin wannan hanya ya bayyana a labarin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa daga Nijar, wanda ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka zagaya Sahara daga waya zuwa waya ba tare da wani kamfani ya buga su ba, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinto ɗaya a arewacin Mali. A mota, gadar farko ita ce wata 'yar na'ura da ake sokawa a ramin kunna taba. Tana karanta filas ko memori, daga baya har Bluetooth, sai ta watsa sautin a kan wani zangon FM da ba kowa, tsohon rediyon motar ya kama. Wato direban da ya gaji da neman tasha ya buɗe tasa tashar a cikin motarsa. Bayanta rediyoyin Sin masu ramin filas da Bluetooth, waɗanda ba su da wani abu mai juyawa da ƙura za ta kashe, suka cika ramin gaban mota. An ga amfanin wannan tsari a watan Mayun 2013, da aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa bayan kafa dokar ta-ɓaci. Direban da ya tashi daga Haɗejiya ya shiga Nguru ko Gashuwa ya rasa kira, amma abin da ke cikin memorinsa bai san an yi ba.

Yanzu ga sabon baƙo. Kamfanin Apple ya fito da CarPlay a watan Maris na 2014, Google ya biyo da Android Auto a 2015. Dukkansu suna ɗora fuskar waya a kan allon mota: taswira, kira, saƙo, kiɗa. Da farko sai da igiya. Na marar igiya ya fara shiga kasuwar rediyon sakawa a 2017, da kamfanin Alpine ya fitar da mai CarPlay, a 2018 kuma Kenwood da Pioneer suka fitar da masu Android Auto. Yadda yake aiki shi ne, waya da allo suna fara gane juna ta Bluetooth, sannan su koma kan Wi-Fi, domin Bluetooth ba zai iya ɗaukar hoto mai motsi ba. Fasaha ce mai kyau, amma a dubi mutumin da aka ɗinka wa ita. Yana da mota ɗaya da shi kaɗai ke tuƙawa, wayarsa mai tsada ce, datarsa ba ta ƙarewa, kiɗansa daga intanet yake zuwa kai tsaye, titunan garinsa duk suna cikin taswira, kuma yana ba na'ura umarni da harshen da take ji. Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da direban da ke ɗaukar tattasai daga Kiri Kasamma. CarPlay sai da iPhone. Android Auto ba ya aiki a wayoyi masu ƙaramin tsarin Android Go, wanda shi ne a cikin yawancin wayoyi mafi arha da ake sayarwa a kasuwanninmu, kuma na marar igiya yana neman wayar da ke da Wi-Fi mai zango 5. Siri, mai karɓar umarnin murya a iPhone, ba ta jin Hausa. Haɗin Wi-Fi kuma yana zuƙe batir, yana ɗumama waya, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Sai mai waya ya koma ya soka caja, igiyar da aka ce an raba shi da ita ta dawo.

Duk da haka allunan suna shigowa, kuma ana saye. Mafi yawansu ba na Alpine ko Pioneer ba ne, na Sin ne, masu faɗin inci 7 zuwa 10, waɗanda su kansu ƙananan kwamfutoci ne masu Android a ciki, da manhajar da ke kwaikwayon CarPlay. Mai kallo daga nesa zai ce wannan ya rushe maganata. Amma a tambaya me ake yi da su. Ana soka filas a kalli fim ko bidiyon waƙa lokacin jiran lodi, ana duba kyamarar baya, ana haɗa Bluetooth a amsa kira ko a saurari saƙon murya na WhatsApp. Sashen da masu talla suka fi kururutawa, wato na kwaikwayon CarPlay, shi ne wanda aka fi barin sa kwance. An karɓi allon ne aka sa shi aikin kaset da rediyon Sin, kamar yadda aka yi wa duk abin da ya gabace shi.

Akwai mai cewa wannan duk maganar jiya ce, tun da turakun sadarwa suna ƙaruwa, wayoyi suna arha, gobe kowa zai ja kiɗansa daga intanet. Gaskiya ne sabis ya faɗaɗa, kuma malami ko ma'aikacin banki da ke zirga-zirga tsakanin Haɗejiya da Dutse zai ji daɗin sabon tsarin. Sai dai samuwar sabis daban, iya biyansa daban. An cire tallafin mai a watan Mayun 2023, an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kuma direban da ke lissafin kowace lita ba zai biya data sau 30 don jin karatun da zai iya saukewa sau ɗaya ba. Taswira ma, wadda ita ce zuciyar CarPlay da Android Auto, ba ta da abin faɗa wa mutumin fadama. Hanyoyin nan da damina suke canzawa, kuma ciyawar kacalla da ta toshe magudanai ta karkatar da ruwa zuwa inda da ba ya zuwa. A ambaliyar 2018 da ta 2022, lokacin da mutanen Haɗejiya suka kwana suna tare jinga da buhunan ƙasa, babu taswirar da ta san wace hanya ce ta yanke a Auyo ko Guri. Wanda ya sani shi ne direban da ya wuce da asuba, kuma ta kiran waya ake samunsa. A nan ne amfanin haɗin marar igiya yake na gaske, kuma tsohon Bluetooth ya riga ya biya wannan buƙata.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato na haɗari. Doka ta hana amfani da waya ana tuƙi, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 tana kama mutane a kai, kuma masu sayar da allo suna cewa na'urarsu ce maganin abin. Rabin gaskiya suka faɗa. Amsa kira ta sifika ya fi riƙe waya a kunne a kan hanyar da shanu da babura ke ratsawa. Amma CarPlay da Android Auto na asali an tsara su ne su hana kallon bidiyo ana tafiya, su kuwa allunan Sin ba ruwansu; ko waɗanda ke da wayar tsaro da ake haɗawa da birkin hannu, mai haɗawa yakan zagaye ta don kada mai mota ya dawo ya ce abu ba ya yi. Kaset bai taɓa neman idon direba ba. Allon da ba shi da maɓallin da hannu zai lalubo a duhu yana nema, kuma fim ɗin da aka kunna a gaban mai tuƙin dare koma baya ne ko da na'urar ta fi ta jiya. Hana hakan aiki ne da ya kamata ƙungiyar direbobi ta shiga tun kafin hukuma.

Akwai kuma abin da aka rasa ba tare da an yi shawara ba. Mai tallan kaset a tasha ya ɓace, mai tura waƙa ma kasuwarsa tana raguwa, kuma mawaƙi bai samu kwabo a hannun ko ɗaya daga cikinsu ba. Ikon direba ya ragu, domin yanzu fasinja na iya cewa a ba shi ya haɗa tasa wayar, rabin motar kuma kowa ya toshe kunnensa da abin da ya zaɓa. Muhawarar da wa'azi ko labaran rana kan tayar tsakanin baƙin juna a cikin mota ta yi sauƙi. Ban ɗauki wannan hujjar komawa baya ba, domin wanda aka taɓa tilasta wa sauraren abin da ba ya so daga Kano har Malam Madori yana da nasa ra'ayin.

Barazanar da ke tafe ga wannan sana'a daga masu ƙera motoci take. Motocin da aka yi cikin shekaru 10 da suka wuce da yawansu ba su da ramin nan na 1984. Allonsu a manne yake da jikin motar, a wasu ma ta cikinsa ake sarrafa na'urar sanyaya iska da saitin fitilu. Kamfanin General Motors ya sanar a 2023 cewa zai daina sa CarPlay da Android Auto a sababbin motocinsa masu lantarki, domin ya riƙe allon a hannunsa. Waɗannan motoci su ne kwatanon shekaru 10 masu zuwa, kuma za su iso Haɗejiya da taswirar wata ƙasa, da manhajar da kamfani ya daina sabuntawa. Masana'antun Sin sun riga sun fara ƙera firam na musamman ga kowane samfurin mota, da ƙaramin akwatin da ke fassara saƙonnin kwamfutar motar ga sabon allo don maɓallan sitiyari su ci gaba da aiki. Mai wayarin da ya gaji sana'ar da filaya da salatif zai buƙaci sanin wace waya ce ke ɗauke da saƙon kwamfuta kafin ya yanke ta, domin a waɗannan motoci kuskure ɗaya na iya kashe fiye da rediyo.